Mita 20 na Tagulla a Bakin Tafkin Bodensee

Hanya mafi daɗin shiga Friedrichshafen ita ce ta ruwa. Daga Zurik jirgin ƙasa zai kai ka Romanshorn cikin kamar awa guda, can ka hau jirgin fito ka ratsa tafkin Bodensee, duwatsun Suwizalan a bayanka, gaɓar Jamus da gonakinta na tuffa a gabanka. Ƙasashe uku ne suka sa tafkin a tsakiya, Jamus da Suwizalan da Ostiriya, kogin Rhine kuma ta cikinsa yake shiga ya fita. Ranar da na ƙetara, a ƙarshen watan Yuni, da yawa daga cikin fasinjojin sanye suke da huluna masu haruffa da lambobi a goshi: wannan HB9, wancan F, na gefensa I. Wasu sun ɗaure dogayen sandunan faiba a jikin jakunkunansu. Duka wuri ɗaya muka nufa, wato baje kolin Ham Radio, taro mafi girma na masu rediyon sha'awa a Turai.

Masu rediyon sha'awa mutane ne da suka zauna jarrabawa, gwamnatocinsu suka ba su lasisi da lambar kira, aka ware musu zanguna da za su yi magana da juna a kai, ba don kasuwanci ba kuma ba don watsa shirye-shirye ba. Haruffan farko na lambar su ke faɗin ƙasar mutum. HB9 Suwizalan ce, DL Jamus, 5N Najeriya, 5U Nijar, 9G Ghana. Abin da ya taso da ni daga gida tambaya ɗaya ce da ta daɗe tana cina: ta yaya waya guda, wadda aka ɗaure tsakanin bishiya da sanda, take iya aiki a zanguna huɗu ko biyar, alhali kowane zango da tsawon eriyar da yake so?

Amsar farko tana bakin tashar jirgin fiton. Gidan tarihin Zeppelin yana nan daf da inda ake sauka, cikin tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta bakin ruwa. A kan wannan tafki ne jirgin balan-balan na farko na Ferdinand von Zeppelin ya tashi ranar 2 ga Yuli, 1900. A cikin gidan an sake gina wani yanki mai tsawon mita 33 na jirgin Hindenburg, wanda cikakken tsawonsa ya kai mita 245, wanda kuma ya ƙone a Lakehurst ta Amurka a 1937. Ana hawa matakala a shiga ɗakunan kwanan fasinjoji da falon da suke zama. Ina tsaye ƙarƙashin ƙarafunan alminiyon da ke riƙe da jikinsa na fahimci irin tsoron da masu ƙera waɗannan jirage suka zauna da shi. Iskar haidurojin ce ke ɗaga su, ita kuwa tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Rediyon zamanin jiragen farko kuma da tartsatsin wuta yake aika saƙo.

A 1909 wani Bajamushe mai suna Hans Beggerow ya yi rajistar dabarar da ta raba wannan gardama. Za a saki waya ta yi lilo a ƙarƙashin jirgin, a kai mata wuta ta bakinta ɗaya da wasu wayoyi biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, ta yadda wurin da wutar ta fi ƙarfi zai kasance can nesa da jikin jirgin. Daga baya masu rediyon sha'awa suka ɗauko dabarar suka sauko da ita ƙasa, suka miƙe wayar tsakanin ɗaki da bishiya, suna kiranta Zepp. Sun gano cewa wayar da ake ciyarwa ta baki tana karɓar zango fiye da ɗaya. Eriyar da ta fi farin jini a yau wajen masu fita daji da rediyo jikar wannan ce.

Filin baje kolin yana bayan gari, kusa da filin jirgin sama da rumfar sababbin jiragen Zeppelin, waɗanda yanzu iskar hiliyam da ba ta kama wuta ake zuba musu. Lokaci lokaci ɗaya zai ratsa ta saman kanka ɗauke da masu yawon buɗe ido. Tun 1976 ake yin wannan taro a Friedrichshafen, tare da DARC, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Jamus da aka kafa a 1950. A babban zauren kamfanoni irin su Icom da Yaesu sun jera na'urori masu allon kala, wasu kuɗinsu dubban yuro. Ƙungiyoyin ƙasashe daban-daban sun kafa teburansu da tutoci. Akwai wani bango da kowa ke manna katinsa mai ɗauke da lambar kiransa, don abokan da ya sha magana da su ta iska, ba su taɓa ganin juna ba, su san ya iso.

Ban daɗe a wannan zauren ba na wuce kasuwar gwanjo, inda ake warin tsohuwar roba da dalma. A can na tsaya gaban teburin wani dattijo daga yankin Shuwabiya. Ba rediyo ko ɗaya a gabansa, sai ƙunshin wayoyin tagulla, da ƙwayayen tangaran da ake ɗaura bakin eriya da su don kada wuta ta bi igiya, da baƙaƙen zobban ferait, da wani littafi mai kauri da ya sha hannu. Littafin Karl Rothammel ne kan eriya, wanda ya fara fitowa a Jamus ta Gabas a 1959, aka yi ta faɗaɗa shi har ya haura shafi 1,000. Da na ce masa daga Najeriya nake, sai ya yi murmushi ya ce, "5N! Ku ba a cika jin ku ba, abokina. Zauna." Ya ja mini kujera, ya juya bayan wata takarda ya fara zane.

Ya fara da dalilin da ya sa zango ɗaya ba ya isa. Duk wanda ya taso yana kama BBC ko Muryar Jamus a gajeren zango ya san mitar da ake samun tasha da safe ba ita ce ta dare ba. Can sama, daga kilomita 60 zuwa fiye da 300, hasken rana yana cajin iska ta zama rufin da ke mayar da igiyoyin rediyo ƙasa. Da rana, ɓangaren ƙasa na rufin yana shanye dogayen zanguna irin mita 80, gajeru irin mita 15 da 10 kuma su buɗe. Da dare al'amarin ya juye. Ƙarfin ranar ma hawa da sauka yake yi duk shekara 11. Wanda yake da eriyar zango ɗaya kawai, rabin yininsa a kulle yake. Ga shi kuma mafi yawan mutane filin gidansu waya ɗaya zai ɗauka, idan ma maƙwabta sun yarda.

Sai lissafi. Eriya mafi sauƙi waya ce mai tsawon rabin igiyar da ake so, a yanka ta a tsakiya a haɗa kebul a wurin. Ita ce daifol, kuma asalinta yana komawa ga gwaje-gwajen Heinrich Hertz a Karlsruhe tsakanin 1886 da 1888, a cikin wannan jiha ta Baden-Württemberg da muke zaune. A raba 143 da yawan megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon wayar a mita. Ga megahaz 7.1 na zangon mita 40, waya mai mita 20 da ɗan ɗori. Ga megahaz 14.2 na zangon mita 20, mita 10. Sirrin kuwa yana cikin yadda aka raba zangunan tun taron Washington na 1927: 3.5, 7, 14, 28, kowanne ninkin wanda ya gabace shi, daga baya aka ƙara 21, wanda shi ne 7 sau uku. Tsirkiyar garaya idan aka kaɗa ta, tana rawa a tsawonta gaba ɗaya, tana kuma rawa rabi-rabi da kashi uku-uku a lokaci guda. Haka waya take. Mai mita 20 ɗin nan rabin igiya ce a 7, cikakkiya a 14, ɗaya da rabi a 21, biyu a 28.

Matsalar ita ce ta ina za a shigar mata da wuta. Rediyo da kebul ɗinsa om 50 suke so su tarar, om kuwa ma'aunin turjiyar da wuta ke gamuwa da ita ne. A tsakiyar wayar, a megahaz 7, za su tarar da kusan 70, sai su shirya. A 21 ma ana lallaɓawa. Amma a 14 wannan tsakiyar ta koma dubban om, wutar da aka tura ta dawo da baya, rediyon ya rage ƙarfinsa don ya tsira. Duk eriyoyin zanguna da yawa da aka ƙirƙiro cikin shekara ɗari, in ji dattijon, hanyoyi ne na zagaye wannan cikas, kuma babu wadda ta zagaye shi kyauta. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Ya zana mini su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ita ce a gusar da wurin ciyarwa daga tsakiya zuwa kashi ɗaya bisa uku, dabarar da ke ɗauke da sunan Loren Windom, wanda ya bayyana ta a mujallar QST a 1929. A Jamus kamfanin Fritzel ya yaɗa irinta da sunan FD4, waya mai kusan mita 42 da ƙaramar taransifoma a wurin haɗin. Tana ba ka mita 80, 40, 20 da 10, amma ta hana ka mita 15, kuma idan ba a toshe ba wuta tana biyo bayan kebul ta shigo ɗaki. Ta biyu tarko ne: koyil da kafasita da ake ɗaurawa a kowane hannu na wayar. A wani zango tarkon ya rufe ƙofa wayar ta gajarce, a wani ya buɗe ta yi tsawo. Irinta mai suna W3DZZ, wadda aka wallafa a 1955, mita 33 kawai take ci ta yi aikin mita 80 da 40. Farashinta nauyi, da ɗan asarar wuta, da ruwan sama da ke neman hanyar shiga tarkon.

Ta uku ita ce ta Louis Varney, Baturen Ingila mai lambar G5RV, wanda ya ƙirƙiro ta a 1946: waya mai mita 31, da wayoyi biyu masu kama da tsani suna saukowa daga tsakiyarta tsawon mita 10 da 'yan kai. Varney zangon mita 20 ya auna mata, sauran zangunan sai da na'urar daidaitawa. A shekarun 1980 Brian Austin na Afirka ta Kudu, ZS6BKW, ya sa kwamfuta ta sake lissafin, ya rage wayar ya ƙara tsanin, ta karɓi zanguna biyar ba tare da na'urar ba. Ta huɗu kuwa ba ta da wayo ko kaɗan: a haɗa daifol uku ko huɗu a wuri guda, a baza su, kowane zango ya zaɓi tasa. Tana aiki sosai, sai dai da ka taɓa ɗaya sauran sun motsa, don haka daga mafi tsawo ake fara gyara. Zangunan mita 30, 17 da 12, waɗanda aka ƙara a taron Janeba na 1979, ba ninkin kowa ba ne, shi ya sa har yau suke wahalar da masu neman waya ɗaya tilo.

Na tambaye shi wacce ta fi. Ya ce in fara gaya masa tsawon filina, da tsayin bishiyata, da wanda nake so ya ji ni. Rediyo, in ji shi, mai kuɗi zai saya a kwali, irin na Tokyo shi ne irin na Berlin. Eriya kuwa ba a sayen wadda ta dace da gidanka, domin ƙasar da ke ƙarƙashinta da rufin kwanon da ke gefenta duk suna cikin lissafi. Sannan ya ce in same su da yamma a filin da baƙi ke kafa tantuna, zan ga ta biyar da idona.

Filin yana gefen zaurukan, cike da motocin kwana da tantuna, sanduna sun tashi ko'ina, wayoyi sun ratsa sama. Rana a wannan lokaci na shekara ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, har sai da na duba agogo sau da yawa ina jiran magariba. Na tarar da dattijon da jikarsa, ɗalibar injiniya da ta samu lasisinta ba da daɗewa ba, da wani Ba'italiye da suka saba haɗuwa duk shekara. Eriyar da za su ɗaga jikar Zepp ɗin nan ce: waya mai mita 20 da za a ciyar ta baki.

Bakin wayar rabin igiya yana nuna kusan om 2,500, kuma haka yake nunawa a 7 da 14 da 21 da 28, domin a duk waɗannan zanguna baki ne wurin da ƙarfin wuta ke taruwa. Abin da ya rage shi ne a sauko da 2,500 zuwa 50. Yarinyar ta ɗauki zoben ferait mai faɗin kusan santimita 6, ta murɗa wayoyi biyu masu fenti ta zagaya su sau 2, ta ci gaba da guda ɗaya har zagaye 14, tana ƙirgawa a fili duk lokacin da wayar ta bi ta cikin ramin. Bakwai ga ɗaya ke nan a zagaye, bakwai sau bakwai kuma 49, 49 sau 50 ya ba da 2,450. Ta kankare fentin bakin wayoyin da wuƙa, ta liƙe su da dalma, ta ƙara ƙaramar kafasita don zangon mita 10 ya zauna daidai, ta rufe duka cikin akwatin roba. Kakanta bai sa mata hannu ba, kallo kawai yake yi yana gyaɗa kai.

Ni aka ba tef ɗin awo. Mun yanki mita 21, domin ƙa'idar masu wannan aiki ita ce a yanka da tsawo, a rage a hankali. Ba'italiyen ya zaro sandar faiba mai mita 12 gaɓa bayan gaɓa, muka ɗaure wayar kusa da ƙolinta, muka ɗaga tare, kowa riƙe da igiyarsa. Kafin a ɗaga sai da dattijon ya zagaya filin yana duban sama. Ya ce abu biyu ne ba a yi musu ganganci, wayar lantarki da tsawa: ba a kafa sanda inda za ta iya faɗawa kan layin wuta, kuma da hadari ya haɗo a cire kebul daga rediyo a jefar da shi waje. Ya kuma sa aka ɗaga ƙarshen wayar sama da inda hannun yaro zai kai, domin wat 100 a kan om 2,450 yana haifar da kusan bolt 500.

Yarinyar ta haɗa wata ƙaramar na'urar awo da ake kira NanoVNA, wadda ba ta kai wayar salula girma ba. Aikin da take yi a da sai ɗakin gwaji mai tsada. Layi ya bayyana a allon da kwaruruka huɗu, kowanne alamar wurin da eriyar ke karɓar wuta ba tare da mayar da ita ba. Na farkon ya faɗa ƙasa da inda ake so, wajen megahaz 6.8, alamar wayar ta yi tsawo. Lissafin gyaran ba wuya: idan aka rage kashi ɗaya cikin ɗari na tsawo, mitar za ta hau da kashi ɗaya cikin ɗari. Aka sauke ƙarshen, aka lanƙwasa shi baya aka ɗaure maimakon a yanke, aka sake ɗagawa, aka sake aunawa. A haka aka yi ta yi har kwarin farko ya zauna a 7.1, sauran ukun kuma suka biyo shi cikin zangunansu. Dattijon ya nuna mini cewa wayar da ke da rigar roba takan buƙaci ta ɗan fi gajarta a kan tsirararta, kuma da za a kai wannan eriyar wani fili, sai an sake taɓa ta.

Ya ƙara da maganar tsayi, wadda ya ce ita mutane suka fi mantawa. Wayar zangon mita 40 da ke rataye ƙasa da mita 10 sama take harba yawancin ƙarfinta, ya faɗo a kewayen 'yan ɗaruruwan kilomita. Wannan alheri ne ga mai son magana da garuruwan yankinsa, ko da akwai duwatsu a tsakani. Mai son tsallaka teku kuwa sai ya ɗaga ta, ko ya koma zangon mita 20 da 15, inda wannan tsayin ya wadatar.

Da rana ta yi ƙasa aka kunna rediyo a kan batir. A mita 40 Turai ta cika kunne, Jamusanci da Faransanci da Italiyanci da ƙarar Mos suna hawa kan juna. Yarinyar ta murɗa zuwa mita 20 ba tare da ta taɓa eriyar ba, ta yi kira, ta faɗi lambarta harafi harafi. Na sa abin sauraro na biyu a kunne, tun da ba ni da lasisin yin magana a nan. Can cikin shuuu ɗin iska wata murya ta amsa daga gabashin Kanada. Suka faɗa wa juna ƙarfin sigina da suna da gari da irin eriyar da kowa ke kai, suka yi sallama da 73, lambar fatan alheri ta masu wannan harka. Babu tauraron ɗan'adam a tsakaninsu, babu turken kamfani, babu kati. Kuɗin duk abin da muka ɗaga, in aka cire sandar, bai kai na cin abincin dare a gidan abinci na bakin tafkin ba.

Na baro Friedrichshafen da yaƙinin cewa wannan shi ne ɓangaren fasahar sadarwa da har yanzu bai kuɓuce wa hannun mutum ba. Ba wanda zai ƙera wayar salula a tsakar gidansa, amma eriya, wadda ita ce ke yanke hukuncin ko za a ji ka ko ba za a ji ka ba, tef da filaya da lissafin ɗan sakandare sun isa. Windom da Varney da Austin duk a mujallu suka baza abin da suka gano, kowa ya ɗauka ya gyara, haka kuma dattijon nan ya yi mini a bayan takarda, bai nemi ko sisi ba. Turai da Afirka yanki ɗaya suke a rabon zanguna na duniya, don haka lissafin da aka yi a bakin Bodensee shi ne zai yi aiki a Kano ko Damagaram, kuma Najeriya tana da ƙungiyarta ta masu rediyon sha'awa, NARS. Masu gyaran rediyo da masu naɗin koyil da ke kasuwanninmu sun riga sun mallaki rabin wannan sana'a a yatsunsu. Aikawa da saƙo sai da jarrabawa da lasisi, kuma daidai ne a bi wannan ƙa'ida. Amma saurare a buɗe yake ga kowa, kuma daga nan kusan duk waɗanda na haɗu da su suka fara. Malamin kimiyya da zai fitar da ɗalibansa fili da mita 21 na waya, ya sa su raba 143 da 7.1 su auna su yanka da kansu, ya koya musu abin da allo kaɗai ba zai koyar ba, kuma wataƙila daga cikinsu a samu waɗanda za su sa a riƙa jin 5N da 5U a iska fiye da yadda ake ji yanzu.